Husufin Rana na 1919: Ranar da Aka Auna Maganar Einstein

Na tabbata har yanzu wasunmu na tuna yadda malamin Fiziks kan hana mu rubuta amsa sai mun auna da hannunmu. A lokacin gani muke takura ce kawai. Ga wani ɗan tarihi da ya sa na fahimci manufarsa.

Masana sun ce ƙarfi iri huɗu ne ke riƙe da halittu: ƙarfin jawowa da ke sa mangwaro faɗowa ƙasa, ƙarfin lantarki da maganaɗisu, sai wasu biyu da ke aiki a tsakiyar ƙwayar zarra, ɗaya mai ƙarfi ɗaya mai rauni. Na farkon shi ne Isaac Newton na Ingila ya bayyana dokarsa a 1687, kuma aka yi fiye da shekara 200 ana lissafin tafiyar duniyoyi da ita.

A 1915 sai Albert Einstein, wanda ke aiki a Balin ta Jamus, ya zo da sabon bayani. Ya ce abu mai nauyi kamar rana yakan lanƙwasa sararin da ke kewaye da shi, don haka hasken tauraro idan ya gifta ta gefen rana sai ya karkace. Za a ga tauraron kamar ya gusa daga mazauninsa. Lissafin Einstein ya ba da karkata 1.75, lissafi bisa dokar Newton kuwa ya ba da rabin haka, wato 0.87. Ma'aunin nan kashi 1 ne cikin 3,600 na digiri ɗaya, abin da ido ba zai taɓa gani ba.

To amma yaya za a ga tauraro kusa da rana da tsakar rana? Sai dai lokacin husufi, sa'ad da wata ke rufe ta gaba ɗaya. Aka lissafa cewa za a yi irin wannan husufi ranar 29 ga Mayu, 1919. Ingila ta tura tawaga biyu: ɗaya zuwa Sobral a Birazil, ɗaya kuma, ƙarƙashin Arthur Eddington, zuwa tsibirin Principe da ke kudu da gaɓar tekun Nijeriya. Ku lura, watanni kaɗan ke nan da tsagaita wutar Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ga Turawan Ingila sun tashi takanas don gwada maganar mutumin Jamus, wadda in ta tabbata za ta gyara wa gwarzonsu Newton zama.

A Principe an wayi gari da ruwan sama, hadari ya rufe sararin. Eddington ya ɗauki hotuna 16, amma biyu kacal suka yi amfani. Da aka kwatanta hotunan da waɗanda aka ɗauka na taurarin nan da dare, Principe ta ba da 1.61, Sobral ta ba da 1.98. Duka sun fi kusa da Einstein. Ranar 6 ga Nuwamba, 1919, aka sanar da sakamakon a Landan.

Duk da haka ba a rufe magana ba. Wasu masana sun yi shakkar ingancin hotunan, aka ci gaba da maimaita awon, har na'urorin rediyo a shekarun 1970 suka tabbatar da lissafin Einstein sosai.

Hanyar kimiyya ke nan: a yi hasashe, a fitar da adadi, a je a auna, wani kuma ya sake aunawa. Girman sunan Newton bai kare shi ba, haka Einstein ma sai da aka gwada shi. Hausawa sun ce gani ya kori ji.