Daga Ƙairawan zuwa Ɗambatta: Tsohuwar Gardama Kan "In Sha Allahu"

A ƙauyukan da ke tsakanin Dawakin Tofa, Bichi da Ɗambatta, inda gona ke manne da gona har ba a samun saurar da za a bari ta huta, akwai shukar da ake kira binne. Manomi ya zuba gero a busasshiyar ƙasa tun ruwan farko bai sauka ba, ya rufe, ya koma gida. Tambaye shi ko shukar za ta fito, zai ce "in sha Allahu", kuma ba za ka zarge shi da zille wa tambaya ba. Ya yi nasa. Hadari ba a hannunsa yake ba. Amma ka kai takardarka ofis a ce maka "ka dawo Litinin, in sha Allahu", sai gabanka ya faɗi. Lafazin bai sauya ba, abin da kunne ke ji ne ya sauya.

Turawa sun yi irin wannan rigima a kan kalmarsu ta "hopefully". Tun ƙarni na 17 tana nufin yin abu cike da fata. A shekarun 1960 sai ta bazu a Amurka da ma'anar "ana fata", wato mai magana ya jefa ta a farkon jimla ba tare da ya faɗi wane ne ke fatan ba. Wilson Follett ya yi tir da wannan a littafinsa na 1966, malaman makaranta suka bi sahu, har sai a 2012 kamfanin dillancin labarai na AP ya halatta wa 'yan jaridarsa ita. Rigimar kusan shekara 50, kuma duk wanda ya faɗi a cikinta jan biro kawai ya sha.

Tamu ta fi tsufa, ta kuma fi tsada. Umarnin yana cikin Suratul Kahfi, aya ta 23 da ta 24. Ibn Ishaƙ ya ruwaito cewa Ƙuraishawa sun kawo wa Manzon Allah (SAW) tambayoyi uku, ya ce zai ba su amsa gobe bai yi togaciya ba, wahayi ya jinkirta kwana 15. Suratul Ƙalam kuwa ta kawo labarin da duk manomi zai gane: masu lambu da suka rantse za su yi girbi da sassafe ba su togace ba, suka wayi gari lambun ya ƙone ƙurmus. Malamai suna kiran wannan togaciya istisna'i.

Da kalmar ta shiga hannun masu ilmin tauhidi sai ta raba gari. A Ƙairawan ta ƙasar Tunisiya, a ƙarni na 9, manyan Malikawa biyu, Muhammad ɗan Sahnun da Ibn Abdus, suka saɓa: shin mutum zai iya cewa "ni mumini ne, in sha Allahu"? Ɓangaren ɗan Sahnun suka ce wannan shakka ce a cikin imani, har suka laƙaba wa abokan hamayyarsu sunan masu kokwanto. Ɗaya ɓangaren suka ce babu wanda ya san yadda zai cika. Tambayar da suka yi ta ja a kanta ita ce wadda mai bin bashi ke yi a zuciyarsa yau: wannan "in sha Allahu" tawali'u ce ko hanyar gudu?

Fiƙihun da ya iso ƙasar Hausa ya zo da amsa mai kaifi. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda almajiran zaure ke biyawa har gobe, ta taƙaita amfanin togaciya ga rantsuwa da Allah: wanda ya haɗa ta da rantsuwarsa nan take, babu kaffara a kansa idan abin bai yiwu ba. Ba ta aiki a saki. A mazhabar Malik, mutumin da ya ce wa matarsa ya sake ta in sha Allahu, sakin ya auku, alhali Hanafawa da Shafi'awa sun ce bai auku ba. Ina ganin Malikawa sun fi sanin halin ɗan Adam a nan. Sun bar kalmar tsakanin bawa da Ubangijinsa, suka hana ta zama garkuwa daga haƙƙin mutane.

Karkarar Kano ta gwada wannan iyaka da yunwa. Jirgin ƙasa ya iso birnin a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912, daminar 1913 ta ƙi, 1914 ta zo da yunwar da ta ci rayuka masu yawa a arewacin masarautar. Farin 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 suka maimaita darasin. Magidancin da rumbunsa ya ƙare a tsakiyar damina yakan karɓi falle, bashin hatsin da za a biya da kaka. Yakan ce zai biya in sha Allahu, mai hatsi ya ce Allah ya kai mu. Dukansu sun san ma'anar: idan kaka ta ƙi, za a iya ɗaga lokaci, amma bashin yana nan. Kuma a garin da kowa ya san gonar kowa, ba a ɓoye damin da aka ɗaure.

Wannan sanayya ce birni ya rasa. Ma'aikacin da ya ce ka dawo Litinin ba ruwan sama yake jira ba, sa hannu ne kawai, kuma ba za ku haɗu a sallar Magariba ba. Haka kalmomi ke sirancewa ko'ina. Mutanen Sifen suna cewa "ojalá", wadda suka gada daga Larabawan Andalus, suna nufin "da ma", yawancinsu ba su jin sunan Allah a cikinta.

Abin mamaki, gardamar da ta fi zafi a wayoyinmu ba wannan ba ce. Saƙo yana yawo a WhatsApp cewa rubuta "insha Allah" a haɗe saɓo ne, domin insha'i a Larabci ƙirƙira yake nufi. A rubutun Larabci da ajami raba kalmomin uku shi ne daidai, kuma ni ma a rabe nake rubutawa. Sai dai boko ba shi da harafin hamza a ƙarshen kalma da zai haifar da wancan ruɗani, kuma babu Bahaushen da ya taɓa nufin haka. Gyaran da ya fi tushe shi ne wanda malamai ke yi daga hadisin Buhari, cewa ba a rataya addu'a da "in ka so". Mai cewa "Allah ya ba shi lafiya, in sha Allahu" ya haɗa roƙo da togaciya a inda "amin" ta isa.

Na taɓa tambayar wani dattijo a gefen Ɗambatta yadda yake gane "in sha Allahu" ta gaskiya daga bakin mai karɓar bashi. Ya ce ba ya sauraron wannan, yana jira ne ya ji ko mutumin zai ambaci rana. Wanda ya ce "ran kasuwa mai zuwa, in sha Allahu", yakan auna masa. Wanda ya tsaya a kalmar kaɗai, sai ya ce masa shi ma buhunsa ya yi ƙasa.