Bindiga Da Saninta A Ƙasar Kano

Bindiga ba baƙuwa ba ce a ƙasar Kano. Tarihin sarakunan Kano ya nuna an kawo bindigogi a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi sarauta daga 1731 zuwa 1743. Babba Zaki kuwa, da ya hau gado a 1768, shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron Sarki.

A ƙauyukan Kumbotso da Kura da Bunkure, maharba ne aka sani da adaka. Yaro ba ya riƙe ta sai ya daɗe yana bin maigidansa daji, ya koyi awon albarushi, da ɗuri, da goge tsatsa bayan damina. Gama in albarushi ya yi yawa, ko tsatsa ta ci ƙarfen, sai ta fashe a hannun mai ita.

A 1959 aka soma aiki da dokar bindigogi ta Nijeriya, wadda ta ce sai da lasin. Amma lasin takarda ce kurum, ba ta koya wa mutum hankali.

Da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noman rani ya bunƙasa a wajen Kadawa. Filayen da dā ake farauta da rani suka cika da manoman alkama da tumatir. Motsin ciyawa da maharbi ya saba ɗauka na zomo ne, sai ya zama watakila na yaro ne mai ban ruwa. Ashe ko tsohon maharbi, in daji ya sake, dole ya sake koyo, kada ya harbi abin da bai gani sosai ba.