Amalgamation: Dama Mu Aka Yi, Ko Zuba Mu Aka Yi A Ƙwarya Ɗaya?

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, a daure a kai ƙarshe kafin a fara jifa.

Asabar ɗin da ta wuce na je gida Kajiji. Bayan la'asar muna zaune a bakin titi, manyan motocin albasa na wucewa suna nufar Jega, sai ɗan yayana da ya gama jami'a bana ya taso da zancen ƙasa. Duk jimla biyu sai ya ce amalgamation. Ita ta jawo tsadar rayuwa, ita ta jawo 'yan bindiga, kuma wai wa'adinta shekara 100 ne, ya ƙare tun 2014. Wani dattijo da ke gefe ya dube shi ya ce, "Kai ɗana, mi kaka nuhi da wagga kalma? Dama mu anka yi awa hura, ko zuba mu anka yi ƙwarya guda?" Yaro ya yi shiru. Ni ma da nawa digirin na yi shiru. Shi ya sa na zauna na yi wannan rubutu.

Mu fara da kalmar kanta. Ba Turancin kasuwa ba ne, na littafi ne da na masu harkar ƙarafa. Asalin ma'anarta ita ce gauraya zaiba da wani ƙarfe, kamar zinariya ko azurfa. Masana harshe da dama na ganin ta hanyar Larabci ta shiga Latin, daga nan ta isa Turanci. Duk wanda ya taɓa ganin masu haƙar zinariya a wajajen Anka ya ga aikin da idonsa: a niƙe dutse, a wanke, a zuba zaiba ta kama zinariyar, su dunƙule. Daga baya 'yan kasuwar Ingila suka ari kalmar suna kiran haɗewar kamfanoni biyu da ita. Ku riƙe wannan ma'ana ta biyu, don ita ta fi kusa da abin da ya faru da mu.

Turawa sun ci Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903. Lokacin Arewa mulkinta daban, hedikwatarta a Zungeru, Kudu ma nata daban. Matsalar Turawa ita ce kuɗi. Harajin Arewa ba ya isar gwamnatinta, kowace shekara sai baitulmalin Ingila ya cika mata. Kudu kuwa tana da teku, tana samun kuɗin kwastan masu kauri, kaso mai yawa daga barasar da ake shigowa da ita. Ga kuma jirgin ƙasa da ya iso Kano a 1911, bayan ɓangarorin biyu sun sha jayayya kan hanyar da za a bi da dogo. Sai London ta ga gara a haɗa aljihun. Ranar 1 ga Janairu 1914 Lugga ya zama Gwamna Janar na ƙasa ɗaya. Sakataren mulkin mallaka na lokacin, Harcourt, wanda aka sa wa Fatakwal sunansa, har raha ya yi da abin, ya kwatanta shi da auren saurayi mai ladabi da mace mai dukiya.

Ba a nemi yardar Sarkin Musulmi ba, ba a nemi ta Alafin na Oyo ba, balle ta talaka. Umarni ne daga fadar Sarkin Ingila, ba yarjejeniya ba, kuma babu wa'adin shekara 100 a cikinsa. Wannan labarin WhatsApp ne, don Allah a daina yaɗa shi.

To me aka haɗa? Jirgin ƙasa, kwastan, gidan waya, soja da babban asusu. Mutane fa? Su dai ba a dama su ba. Arewa da mataimakin gwamnanta, Kudu da nata. Sashen ilimi bai zama ɗaya ba sai 1929. Majalisar dokokin da aka kafa a Legas ƙarƙashin tsarin 1922 ba ta yi wa Arewa doka, gwamna ne ke yi shi kaɗai. Sai a 1947, shekara 33 bayan haɗewar, wakilan Arewa da na Kudu suka zauna a majalisar dokoki ɗaya. Zaman 'yan marina ke nan, kowa da inda ya sa gaba. Don haka ba abin mamaki ba ne da aka yi baram-baram a 1953 kan ƙudurin Enahoro na neman mulkin kai a 1956, har Sardauna ya kira abin da aka yi a 1914 kuskure, rikici kuma ya ɓarke a Kano cikin Mayun shekarar. A 1966 mu ne nan muka fito da tamu kalmar, "a raba". Abin da ya biyo baya daga 1967 zuwa 1970 kowa ya sani.

Amma ɗan yayana ya manta da abu guda. Cuɗanyarmu ta girme wa Lugga. Nan kusa da mu, Shehu Usmanu ya zauna a Sifawa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi na Boɗinga. Jama'ar da ta taru gare su akwai Fulani, Hausawa, Buzaye da sauransu. Nana Asma'u da harshe uku take rubutu: Larabci, Fillanci da Hausa. Ilori, garin Yarbawa, ƙarƙashin Gwandu take tun kafin Bature ya zo. Fataken goro sun daɗe suna keta dazuka zuwa Gwanja da ƙasar Yarbawa. Bayan 1914 wannan hulɗa ta ƙaru, aka sami Sabo a Ibadan. Maƙwabcinmu Alhaji Shehu Shagari, tun yana malamin makaranta ya tsara Waƙar Nijeriya don yara su san ƙasar baki ɗaya, kuma shi ne a 1982 ya yi wa Ojukwu afuwa ya dawo gida.

Wanda ke shakka ya tuna ƙarshen Fabrairun 2021. Bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta hana kai kaya Kudu. Abin dariya, sunan ƙungiyar a Turance da wannan kalma ya fara. Cikin kamar mako guda tumatir da nama suka yi tsada a Legas, a nan kuma farashin albasa da tumatir ya faɗi, manomi ya rasa mai saye. Kowa ya ji a jikinsa.

Hausa ba ta rasa kalmomi ba. Muna da gauraya, muna da cakuɗa, muna da gamin gambiza, muna da hatsin bara. Kowace da hukuncin da take yankewa. Kalmar Turanci kuwa mun ɗauke ta ne don tana da nauyi a baki, sai ta rufe mana tambayar da dattijon nan ya yi. Amsata gare shi ita ce: Bature zuba mu ya yi a ƙwarya ɗaya don lissafin aljihunsa, damun kuwa kasuwa da aure da makaranta da tafiye-tafiye ne suka yi shi, kuma har yau da sauran gaya a ƙasan ƙwaryar.

Ban ce kada a yi maganar sake fasalin ƙasa ba. A yi ta, kan rabon arziki da tsaro da ikon ƙananan hukumomi. Amma mai kiran a raba ya tambayi masu zinariya yadda ake raba ta da zaiba. Da wuta ake yi, kuma wanda ya fi kusa da wutar shi ke fara shaƙar gubar hayaƙin.

Ku a ganinku wace kalmar Hausa ce ta fi dacewa da 1914? A faɗa cikin mutunci, ban da zagi. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.