Ɗakin Tsumburbura Ba Ya Kan Dala

Masu yawon buɗe ido a Masar kan tashi tun kafin assalatu don rana ta fito musu a Karnak, haka ma masu zuwa Angkor a Kambodiya. Abin da suke biyan kuɗi su gani yana nan a tsaye: ginshiƙan dutse, zaure bayan zaure, rubutu sassaƙe a bango. Mu a ƙasar Hausa, wurin bautar dā da ya fi kowanne suna shi ne na Tsumburbura a Kano, kuma ko tubali ɗaya nasa bai saura ba. Duk da haka mutane na hawa Dala da sassafe don su gan shi, kuma ba a rasa mai nuna musu.

Na taɓa bin irin wannan ayari cikin hunturu, mu shida, bayan an idar da sallar asuba. Jagoranmu wani dattijo ne ɗan unguwar, da sanda da mayafi. Hawan ba shi da wuya, akwai matakala ta siminti. A sama sai ka tarar da fili na jar marmara, iska na kaɗawa, birni kuma shimfiɗe cikin hazo: ga Goron Dutse can, ga hasumiyoyin babban masallaci, ga guntayen badala nan da can kamar haƙoran tsoho. Daga nan ne Heinrich Barth, Bajamushen da ya yi yawo a ƙasarmu da sunan Abdulkarim, ya zana hoton Kano a 1851. Dattijon ya nuna wani gefe da sandarsa ya ce nan gidan Barbushe yake, ya juya ya nuna wani ya ce nan kuma gunkin yake.

"Baba, a nan saman?" in ji wata ɗaliba da ke cikinmu.

"To ina kuma, 'yata? Ai shi ya sa ake hawowa."

Rabin maganarsa ya dace da abin da ke rubuce. Rabi na biyun bai dace ba, kuma a nan labarin yake.

Kusan duk abin da aka sani game da Barbushe daga littafi guda ya fito, Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci. H. R. Palmer ya fassara shi zuwa Turanci a 1908, daga baya ya fito da Hausa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Littafin ya nuna Barbushe a matsayin ƙaton maharbi daga zuriyar wani baƙo mai suna Dala, wanda ya fara kafa gida a kan dutsen. A kan dutsen yake zaune, gaskiya ne. Amma ba ya saukowa sai kwana biyu a shekara, kuma dalilin saukowar shi ne ya shiga wurin bautar. Ke nan wurin a ƙasa yake. Sannan ba gunki ba ne sassaƙaƙƙe irin wanda muke hasashe: itaciya ce da ake kira Shamuz, an kewaye ta da katanga, ba mai ƙetare katangar ya rayu sai Barbushe. Mutane kan zo daga kowace nahiya, maza da mata, su taru a gindin dutsen da yamma, wani da baƙin kare, wani da baƙar kaza, wani da baƙin bunsuru. In duhu ya yi sai ya sauko da makaɗansa, a yi yanka, ya shiga shi kaɗai, jama'a su yi ta kewaya wurin har gari ya waye. Da safe ya fito ya faɗa musu abin da zai auku a shekara.

Sai kuma wuri na biyu, wanda jagororin Dala ba su cika ambata ba: Jakara, kurmi mai baƙin ruwa, da tsibiri a tsakiyarsa inda ake yanka idan ana jin tsoron wata masifa. Itaciya, ruwa, dutse, da katangar ƙasa. Da waɗannan aka gina wurin bautar Kanawan farko. Dutsen ne kaɗai ba ya ruɓewa, ba ya saruwa, ba ya ƙafewa, shi ya sa labarin gaba ɗaya ya tattara ya hau kansa. Ban ga laifin dattijon ba. Mai jagora yana bukatar abin da zai nuna da sanda, ba zai nuna rufin kwanon wani ya ce a ƙarƙashinsa ne ba.

Akwai wani sashe na littafin da ya fi labarin giwayen da Barbushe ke kashewa da sanda amfani a wurina, wato jerin manyan mutanen wancan zamani da sana'o'insu: Gijigiji maƙeri, Bugazau mai dafa giya, Hanburki mai magani, Maguji mai haƙo tama da narka ta, da Awar mai gishiri wanda shi ne sarkin ruwa. Wannan ba taron mutanen daji ba ne, al'umma ce da ta raba aiki. Ƙasa ma ta ba da shaida: gwajin da aka yi wa gawayin wani tsohon murhun narka tama a Dala ya nuna ana aikin ƙarfe a wurin tun wajen ƙarni na 7, ɗaruruwan shekaru kafin Bagauda. Wannan ya zo daidai da abin da ake faɗa a baka, cewa maƙera ne daga Gaya, Abagayawa, suka zo neman tama suka zauna.

Yadda wurin ya ɓace shi ne abin da aka fi gurguntawa wajen ba da labari. A bakin jagora, rana ɗaya aka yi: Musulunci ya zo, aka rushe gunki, shi ke nan. A rubuce kuwa abin ya ci kusan shekara ɗari biyu, da ci gaba da komawa baya. Sarakunan gidan Bagauda sun daɗe suna zaman doya da manja da masu itaciyar, wani ya lallaɓa su da kyauta, wani ya tsoratar da su. Tsamiya (1307–1343) ne ya auka musu da yaƙi ya rushe katangar, amma itaciyar ta tsira. A zamanin Yaji (1349–1385) Wangarawa suka zo daga Mali, su wajen arba'in, ƙarƙashin Abdurrahman Zaite, sarki ya karɓi salla, aka gina masallaci a ƙarƙashin itaciyar. A lura, ba a sare ta ba, inuwarta aka shiga. Masu tsohon addini suka riƙa zuwa da dare suna ɓata masallacin, har aka sa masu gadi, aka kuma yi addu'a a kansu.

Sai ga ɗan Yaji na cikinsa, Kanajeji (1390–1410), ya sha kashi a hannun Zazzau, ya dawo ya nemi shawarar Sarkin Tsibiri. Aka ce ya koma ga abin da kakanninsa ke yi. Ya koma: ya sari reshen itaciyar aka yi ganguna da shi, ya kashe jan macijin da ya samu a wurin aka yi masa huffi da fatar, ya sake fita yaƙi ya ci nasara. Marubucin, Musulmi, ya kawo wannan bai ɓoye ba. Sai a zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499) wani babban malami baƙo, wanda masana ke ɗauka al-Maghili ne, ya sa aka sare itaciyar aka gina hasumiya a gurbinta. Ko a nan ɗabi'ar ba ta mutu ba, riga ta sauya. An ci gaba da yi wa wani abu ƙunshe cikin fatu mai suna Dirki yankan shanu, har Alwali (1781–1807), sarki na ƙarshe kafin jihadi, ya ƙi ba da shanun ya sa aka farfasa ƙunshin da gatura. Alƙur'ani aka samu a ciki.

Sana'ata rubuta manhajar kwamfuta ce, kuma a cikinta ba a yarda da wani rumbun bayanai sai an tambayi wanda ya shigar da su, da yaushe, da inda ya kwafo. Tarihin Kano ya tsaya ne a kan Sarki Muhammadu Bello, a ƙarshen ƙarni na 19, wato tsakanin mai alƙalami da Barbushe akwai shekara wajen ɗari tara. Wasu masana sun kawo hujjar cewa Ɗan Rimin Kano Malam Barka, babban bawan sarki, shi ya harhaɗa littafin, M. G. Smith kuwa yana ganin an daɗe ana rubuta shi kashi-kashi. Shekarun da na sa a baka-biyu a sama ma ba sa cikin asalin littafin. Tsawon mulkin kowane sarki kawai ya bayar, Palmer ne ya yi ta ɗebewa da baya har ya isa 999 ga Bagauda. Duk wanda ya taɓa irin wannan lissafi ya san kuskure ɗaya a tsakiya zai ja duk abin da ke bayansa. Ga misali a fili: wani rubutu na Wangarawan kansu, Asl al-Wangariyyin, na wajen 1650, ya sa zuwan Abdurrahman a zamanin Rumfa, ba Yaji ba. Tazarar ta kai ƙarni guda.

Harshen littafin ma yana tona mai shi. Ranakun da Barbushe ke saukowa, ranakun Idi ya kira su, daren taron kuma jajibere. Ina mutanen da ba su san Musulunci ba suka samu Idi? Marubucin ya auna abin da bai gani ba da mudun da ke hannunsa. Kewaya wuri mai alfarma har asuba, da boka mai faɗin zuwan wanda zai ƙwace mulki ya gina masallaci, duk sun yi kama da yadda malami ya saba karanta labarin jahiliyyar Larabawa. Wannan bai mai da labarin ƙarya ba. Sunayen wurare na nan, kashin tama na nan, Maguzawa na nan da ransu a ƙauyukan Kano da Katsina da Jigawa. Amma muryar masu itaciyar ba ta iso mu ba, ta waɗanda suka sare ta ce ta iso.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, waɗancan malamai da bayin sarki, a tsakiyar daular Usmaniyya, ba su ji tsoron rubuta sunan Tsumburbura da yadda ake yi mata yanka ba. Mu jikokinsu ne muke rage murya. Sau da yawa na ga an taso da zancen a majalisa wani ya yi a'uziyya ya kashe maganar, kamar sanin abin da kakanka ya bauta wa daidai yake da bauta masa. Wannan kunyar tana da farashi. A Osogbo akwai kurmi da kogi irin na Jakara, an tsare shi, UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2005. Ba ina cewa a dawo da yanka a Jakara ba, Allah Ya kiyaye. Can akwai masu bautar har yau, nan kuwa an wuce wurin tun tuni. Amma tsakanin bauta wa wuri da mai da shi bola akwai fili mai faɗi. Jakara yau lambatu ce, ruwan kwatamin birni ke bi ta cikinta, an zuba mata siminti, kasuwar Kurmi da Rumfa ya kafa a gefenta ce kawai ta riƙe sunan kurmin. Dala da badala da Kurmi da Gidan Rumfa suna cikin jerin wuraren da Nijeriya ta gabatar wa UNESCO tun 2007, suna jiran layi, gidaje kuwa sun matso har jikin dutsen, ruwan sama na zaizayar gefensa kowace damina.

Ruwan Jakara, bayan ya taru a madatsar Wasai, gabas yake nufa, cikin kwarin da ke malala zuwa Haɗeja, zuwa fadamun da na tashi a cikinsu a Kirikasamma. Mu namu lamarin ya fi na Kano tsanani, don ba mu da Dala. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, yashi da laka, ba dutsen da labari zai hau ya tsira. Alhali ba ƙasa ce marar tarihi ba. Garun Gabas, wato Biram ta cikin Hausa Bakwai, tana nan kusa da Haɗeja. Kafin jihadi yankin ƙananan sarautu ne, irin su Auyo da Garun Gabas da Gatarwa da Kazura da Haɗeja kanta, masu kai gaisuwa Barno ta hannun Galadima a Nguru. Mutanen da suka rayu a kan kamun kifi da noman fadama ba za su rasa gurbin ruwa ko itaciyar da suke girmamawa ba, sarautar sarkin ruwa ma har yau ba ta ɓace a bakin kogi ba. Sai dai ba mu gaji littafi mai faɗi irin na Kano a kan wancan zamani ba.

Abin da muke da shi kufai ne. Ana gane shi da tarin kukoki a inda babu gida, da tudun da ya ɗan fi gonakin kewaye tsayi, da tsingaro da guntayen dutsen niƙa da garma ke tonowa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar ruwan ta sauya, kacalla ta toshe hanyoyinsa na dā, ya riƙa fasa sababbi ta inda bai saba bi ba. A ambaliyar 2022 gidajen ƙasa da mutane ke kwana a ciki sun narke cikin kwanaki a ƙauyukan Kirikasamma da maƙwabtanta, balle katangar da aka bari shekara ɗari uku. Sunayen waɗannan kufai, da wanda ya zauna a cikinsu, da dalilin da ya sa ba a sare wata tsamiya ko ba a jefa taru a wani gurbi, suna bakin tsofaffin masunta da manoma ne, kuma yawanci sai an zauna da su an daɗe kafin su yarda su faɗa, don su ma sun koyi rage murya.