Me Ya Sa Kan Wayar Kano Ba Ya Shiga Bangon Maraɗi?

Jama'a masu karatu, da yawa cikinku kun taɓa sayen rediyo, ko fanka, ko dutsen guga a kasuwar Jibiya, ko Illela, ko Kano. Kun kawo gida, kun je ku jona ga wuta, sai kan wayar ya ƙi shiga. Shi yana da ƙafa uku masu kusurwa huɗu. Ramun bango kuwa na ƙafa biyu ne masu kama da ƙusa. Wani sai ya ce ɗan kasuwa ya cuce shi. Ba a cuce ku ba. Abin yana da tarihi, kuma tarihin ya fi shekara ɗari.

Kan wayar nan, a Najeriya fulogi suke ce masa. Ramun bango su ce soket, mu nan mu ce piriz.

Da farko, don fitila kaɗai aka kawo lantarki cikin gidaje. A shekara ta 1882 wani mutumin Amurka, Thomas Edison, ya buɗe gidan wuta a birnin Niyok. Gidajen lokacin ba su da piriz a bango. Da aka ƙero dutsen guga na wuta, mai son guga sai ta kwance ƙwan fitila, ta murɗa wayar dutsen a gurbinsa. In ta gama, ta mai da ƙwan. A 1904 wani maƙeri, Harvey Hubbell, shi ma a Amurka, ya fito da kan waya wanda ake tura shi a zare shi ba tare da murɗawa ba. Daga baya ya yi masa ƙafa biyu masu faɗi. Irinsa Amurka take aiki da shi har yau.

To, ƙasashe da yawa ba su bi shi ba. Kowa ya ƙera nasa. A zamanin nan tafiya a jirgin ruwa ake yi, ba mai ɗaukar fanka daga wata ƙasa zuwa wata, don haka ba wanda ya damu. Jamus ta samu nata a 1926. Faransa ma ta yi nata dabam: ta kafa ƙafa ta uku a jikin piriz, ba a jikin kan waya ba. Ku duba piriz ɗin ofis ko na asibiti, sau da yawa za ku ga wani ɗan ƙarfe ya ɓullo daga ciki. Shi ne.

Ƙarfin wutar ma ya bambanta. Ana auna shi da abin da ake kira bolt. Edison ya fara da bolt 110, Amurka tana kan 120 yanzu. Ƙasashen Turai suka koma 220, domin in ƙarfin ya yi sama, siririyar waya ta isa aiki, kuɗi ya ragu.

Labarin Ingila ya fi tsawo, kuma shi ya fi shafar ku. Da can Ingilishi suna da kan waya mai ƙafa uku masu kama da ƙusa, amma girma-girma: ƙarami na fitila, babba na injin ɗuma ɗaki. Ƙarami ba ya shiga ramin babba. Sai yaƙin duniya na biyu ya zo. Jiragen Jamus suka rushe gidaje masu ɗimbin yawa. A 1942, yaƙi bai ko ƙare ba, gwamnati ta kafa kwamiti ya duba yadda za a sa wuta a gidajen da za a sake ginawa.

Babbar matsalarsu jan ƙarfe ne, wanda da shi ake yin waya. Yaƙi ya cinye shi. A tsohon tsari kowane piriz yana da tasa waya tun daga akwatin wuta. Sai suka ce a ja waya guda ta zagaye gida ta dawo, a jera piriz a kanta kamar ƴaƴan tasbaha. An yi tsimin jan ƙarfe ke nan. Amma wayar nan tana ɗauke da wuta mai yawa, wadda ta fi ƙarfin siririyar wayar rediyo. Don haka suka sa fiyus cikin kowane kan waya. Fiyus ƴar waya ce da ke tsinkewa in wuta ta yi yawa, kafin gobara ta tashi. Shi ya sa kan wayar Ingila yake da ƙato. In kun kwance shi, za ku gan ta a ciki.

Cikin kwamitin nan mace ɗaya ce tak, sunanta Caroline Haslett. Ta daɗe tana koya wa matan ƙasarsu aiki da lantarki, tana kuma kira a kula da lafiyar mutanen gida. Kwamiti ya ce lalle a hana yaro tura yatsa ko ƙusa cikin piriz. Sai aka yi wa ramu biyu na ƙasa ƴar ƙofa. Ƙafar sama, wadda ta fi tsawo, ita ke fara shiga ta buɗe ƙofar. A ganina, duk cikin labarin nan babu dabarar da ta kai wannan. An fito da tsarin a 1947.

A shekarar nan ce Indiya ta samu mulkin kai, ta kuwa tsaya kan tsohon mai ƙafa kamar ƙusa. Najeriya da Gana suna hannun Ingila har lokacin, sabon ya iso musu. Mu kuwa Faransa ke mulkinmu, nata ta kawo mana. Iyakar da Turawa suka ja tsakanin Maraɗi da Katsina, ashe har bangon ɗaki ta shiga.

Ga abin mamaki. A 1968 aka kafa NIGELEC. A 1976 aka ja layin wuta daga Birnin Kabi zuwa Yamai, yana kawo wutar madatsar ruwa ta Kainji. Wato wutar da ta haska gidajen Najeriya, ita ce ta haska na Yamai. Ƙarfinta ɗaya, wajen bolt 220 zuwa 230. Ƙofar shiga ce kawai ta bambanta.

Ko ba a yi ƙoƙarin daidaitawa ba? An yi. Akwai hukumar duniya mai kula da harkar lantarki tun 1906. A 1986 ta fito da kan waya guda, ta ce kowa ya ɗauka. Afirka ta Kudu ta karɓa, Barazil ta ɗauka ta ɗan sake shi, yawancin saura suka yi shiru. Wa zai fasa bangon kowane gida? Yau akwai iri wajen goma sha biyar a duniya. Alhazai ma sun shaida: Saudiyya ta zaɓi irin na Ingila a 2010.

Saura ƙafa ta uku. Kada ku ɗauka ado ce. An haɗa ta da wata waya da ke zuwa cikin ƙasa. In wuta ta ɓalle ta taɓa jikin firiji ko dutsen guga, ta nan za ta bi ta tafi, maimakon ta bi ta jikin mutum. Mai karya ƙafar nan don kai ya shiga, ko mai yanke kai ya cusa tsirarar waya ya danne ta da tsinken ashana, ya zubar da duk wannan kariya. Ga yara na rarrafe a ɗaki. Gara a sayi adafta mai kyau, ko a kai wa mai gyaran wuta ya sa kan da ya dace da piriz.

Tun da kun iya karatu, ku riƙa duba rubutun da ke jikin kaya kafin ku jona. In kun ga 100-240V, kamar a yawancin cajar salula, zai ɗauki wutar kowace ƙasa. In kun ga 220V ko 230V, na wutarmu ne. In kuwa 110V ko 120V kaɗai aka rubuta, adafta ba za ta cece shi ba, domin siffar ƙafa take sakewa, ba ta rage ƙarfin wuta. Sai an nemo masa taransifoma, in ba haka ba yana shiga piriz zai ƙone.