Ɗurin Bindigar Toka a Ƙasar Rima

Bindigar toka ta baki ake ɗura ta, kuma a zurfin ɗurin nan gwanintar maharbi take. A zamanin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ribaɗi a Wurno, inda ya rasu a 1837, bindiga ba ta da yawa a rundunar Sakkwato. Doki da mashi da baka ne ƙarfin yaƙi. Sai a ƙarshen ƙarnin ta yawaita, har daga baya maƙera suka ƙware a ƙera ta, ta zama abin hannun maharban fadamun Rima.

Maharbi kan zuba albarushi, ya bi shi da tsumma, sannan harsashi, ya danna da sandan ɗuri. Abin da ya rage na sandan a waje shi yake aunawa da yatsu. In ya ga ya ɗara yadda ya saba, ko dai ya ɗura sau biyu, ko harsashi ya maƙale bai zauna kan albarushi ba. Ratar da ke tsakanin harsashi da albarushi ce ke kumbura bututu ko ta fasa shi, kuma ta raba maharba da dama da yatsunsu. Shi ya sa tsofaffin maharba ba su yarda a harba irin wannan ɗuri. Sai a zaƙulo shi duka, a goge cikin bututun, a sake daga farko.

Harsashin masana'anta ya zo da awonsa a cikin kwanso, ya rage wannan aiki.