Daga Ɗakin Tiyata Zuwa Tsakar Gida: Tarihin Maganin Goge Daɓe

Iyaye da yawa kan tambaya ko maganin da ake zubawa a ruwan goge daɓe zai iya cutar da yaro mai rarrafe ko kyanwar gida. Kafin ku yanke hukunci, yana da kyau ku san inda waɗannan magunguna suka fito, domin asalinsu ne zai nuna muku yadda ya kamata a riƙe su.

A shekarar 1864 wani likitan tiyata a birnin Gilasgo, Joseph Lister, ya ji labarin ana zuba wani sinadari mai suna kabolik a magudanan ƙazanta na garin Carlisle domin kashe wari. Daga kwaltar gawayin kwal ake tace shi, kuma shi ne ake kira finol a yau. A 1865 Lister ya jiƙa tsumma da shi ya ɗora a raunin wani yaro ɗan shekara 11 da ya karye a ƙafa, raunin ya warke bai ruɓe ba. Ya wallafa sakamakonsa a 1867, kuma daga nan aikin tiyata ya sauya. Sai dai tun a lokacin an lura cewa sinadarin yana ƙona fata, hannayen likitoci ma suna tsattsagewa.

Ba a daɗe ba 'yan kasuwa suka shigo. An yi wa Jeyes Fluid rajista a Ingila a 1877. Lysol ya fito a Jamus a 1889, aka yi amfani da shi wajen yaƙi da kwalara. Izal, wanda sunansa ya zama gama-gari a gidajenmu, ya fito a 1893 daga wani kamfanin ƙarfe da kwal kusa da birnin Sheffield. Dettol ya biyo baya a 1933 da wani ɗan'uwan finol da bai kai shi zafi ba. Shi kuwa bilic, irin su Jik da Hypo, asalinsa Faransa ne a ƙarshen ƙarni na 18, kuma sai daga baya aka gano yana kashe ƙwayoyin cuta.

Abin lura shi ne, galibinsu an ƙirƙiro su ne domin kisa, a zamanin annoba, ba tare da an sa jariri ko dabba a lissafi ba. Kariya ta zo daga baya, bayan an yi asarar rayuka. A Amurka, likitan maƙogwaro Chevalier Jackson ya shafe shekaru yana duba yaran da suka sha soda mai ƙuna, maƙoshinsu ya tsuke har abinci ba ya wucewa. Fafutukarsa ce ta kai ga dokar 1927 da ta tilasta rubuta gargaɗin guba a jikin irin waɗannan kaya. An buɗe cibiyar farko ta ba da shawara kan shan guba a Shikago a 1953. A 1967 wani likitan yara a Kanada, Henri Breault, ya jagoranci samar da murfin da sai an danna kafin ya murɗu, sannan Amurka ta yi dokar irin wannan murfi a 1970. A cikin shekarun 1970 kuma aka danganta yawaitar ciwon shawara a ɗakunan jarirai na wasu asibitoci da magungunan goge-goge masu finol, musamman inda aka zuba fiye da kima.

Kyanwa tana da nata rauni na daban. Hantarta ba ta da isasshen sinadarin da ke narkar da finol ya fita daga jiki, don haka ɗan kaɗan kan taru ya zama guba. Ga shi kuma ɗabi'arta ce ta taka jiƙaƙƙen daɓe ta koma gefe tana lasar tafin ƙafarta. Wani sinadarin da ake sawa a magungunan zamani, benzalkoniyom, yakan sa mata gyambo a harshe da dalalar miyau. Idan kuna da kyanwa, ku guji maganin da ke mayar da ruwa fari kamar madara, domin galibi alamar finol ce.

Me wannan tarihi ke faɗa muku? Tsaron yaranku ya dogara ga abubuwa uku da aka sha wuya kafin a same su, wato rubutun gargaɗi, murfi mai ƙarfi, da ƙa'idar sirkawa. A kasuwanninmu kuwa ana sayar da izal da bilic na haɗin gida a cikin robar ruwa ko ta lemo, babu suna, babu lambar NAFDAC, babu wanda ya san ƙarfinsa. Ranar da aka juye magani a irin wannan roba, an mayar da gida zamanin da babu doka, kuma yaro mai ƙishirwa ba ya karatu.

Saboda haka ku bar kowane magani a mazubinsa na asali, ku ajiye shi a sama ko cikin akwati mai makulli. Ku sirka gwargwadon abin da aka rubuta, ku buɗe tagogi, ku hana yaro da dabba shiga sai daɓen ya bushe sarai. Inda yaro ke rarrafe, ku sake bi da ruwa zalla. Ku zubar da ruwan bokiti nan take, domin ko ba magani a ciki ƙaramin yaro yana iya nutsewa. Kada ku haɗa bilic da maganin wanke masai, haɗin yana fitar da iskar kulorin mai ƙona huhu. A yawancin ranaku ruwa da sabulu sun wadatar. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ya fi amfani idan an yi amai, gudawa ko jini.

Idan kuwa yaro ya sha, kada ku sa shi amai, domin abin da ya ƙona maƙoshi a shiga zai sake ƙonawa a fita. Kada ku ɗura masa manja, yana iya sarƙewa ya faɗa huhu. Ku kurkure masa baki, ku wanke fata ko ido da ruwa mai yawa na aƙalla minti 15, ku ɗauki robar maganin ku nufi asibiti ko da yaron bai nuna wata alama ba. Dabba kuma a kai ta wurin likitan dabbobi tare da robar.